Garuruwan Jihar Neja: Wasu Na Tumbatsa, Wasu Na Ƙafewa

Duk wanda ya taso daga Abuja da magariba ya nufi Suleja, tun kafin ya kawo gindin Dutsen Zuma zai iske motoci sun yi cirko-cirko, 'yan acaɓa suna kutsawa ta tsakaninsu, masu talla sun cika bakin titi, gidaje kuwa sun hau kan duwatsu sun gangara har cikin kwazazzabai. In kuma ya kwana ya ci gaba da tafiya, ya wuce Minna ya isa Zungeru, garin da ya taɓa zama hedkwatar Arewa baki ɗaya, abin da zai tarar shi ne kangayen ofisoshin Turawa waɗanda ciyawa ta rufe, da maƙabartarsu, da tashar jirgin ƙasa wadda sai a jima ba a ji kukan jirgi a cikinta ba. Garuruwan nan biyu a jiha ɗaya suke, watau Jihar Neja, gwamna ɗaya ke mulkinsu, baitulmali ɗaya ke ɗaukar nauyinsu. Amma ɗaya jama'a ta yi masa yawa har ta fi ƙarfinsa, ɗayan kuwa ya daɗe yana kallon 'ya'yansa suna ficewa.

Ruwa dai ba ya tsami banza. In aka bi tarihin manyan garuruwan wannan jiha ɗaya bayan ɗaya, za a ga kusan kowanne hukuma ce ta ɗaga shi, ko kuwa ita ta sauke shi, ta hanyar shawarar da aka yanke a wani ofis mai nisa: inda za a shimfiɗa reluwe, inda za a ajiye hedkwata, inda za a datse kogi, inda za a girke 'yan sanda da soja. Tun da kuwa alƙalamin hukuma ke kaɗa jama'a daga wannan gari zuwa wancan, lalle ya zama wajibi a kanta ta san adadin waɗanda ta kaɗa, ta tanadar musu abin zama a inda suka sauka, ta kuma waiwayi wurin da suka baro. Abin takaici, cikin waɗannan uku babu wanda ake yi yadda ya kamata.

ABIN DA RELUWE YA YI

A shekarar 1902 ne Gwamna Lugga ya ɗauke hedkwatarsa daga Jebba ya kawo ta Zungeru, wanda Hausawa suke kira Dungurum, a bakin kogin Kaduna. Nan da nan ƙauye ya zama birni. Akawuna da tafintoci da sojoji da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa daga kudu da arewa. A nan aka haifi Dokta Nnamdi Azikiwe a 1904, don mahaifinsa akawun gwamnati ne. Amma daɗin bai daɗe ba, gama a 1917 an gama kwashe hedkwata an mai da ita Kaduna. Ma'aikata suka bi ofisoshinsu, 'yan kasuwa suka bi ma'aikata. Har gadar ƙarfe da Lugga ya kafa a garin sai da aka kwance ta aka kai Kaduna aka sake kafawa. Ba wata annoba da ta auka wa Zungeru, ba kuma yaƙi aka ci shi da shi ba. Sa hannu aka yi a takarda, Kaduna ta tashi, Zungeru ya kwanta.

Labarin Baro ma haka yake. Ƙauyen Nufawa ne a bakin kogin Kwara, Turawa suka zaɓe shi saboda gaɓarsa tana da ƙarfin da jirgin ruwa zai iya tsayawa a yi lodi. Daga nan aka ja layin dogo, aka fara a 1907, ya isa Kano a 1911. Da ma nufin Turawa auduga ce, sai ga gyaɗa ta yi kaka-gida, kaya suna saukowa ta jirgin ƙasa zuwa Baro, jiragen ruwa suna ɗauka zuwa bakin teku. To, cikin 'yan shekaru kaɗan sai layin Ikko ya haɗu da na Kano a Minna, aka kuma gama gadar Jebba, kaya suka sami hanyar zuwa teku ba tare da sauke-ɗauke ba, ba kuma tare da jiran kogi ya kawo ba. Daga nan Baro ta fara ja da baya, Minna kuwa, wadda da ƙaramin garin Gwarawa ce a kan dutse, ta zama mahaɗar jiragen ƙasa da matattarar doya da gyaɗa da kaɗanya. Sa'ad da Janar Murtala Muhammed ya ƙirƙiro Jihar Neja a watan Fabrairu na 1976, Minna aka ba hedkwata, ko da yake Bida, babban birnin Nufawa mai maƙeran tagulla da masu narka gilas, ta girme ta nesa ba kusa ba. Sakatariya ta zo, Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta biyo baya a 1983, jama'a kuma suka biyo su.

A Busa kuwa abin ya wuce ƙaurar ma'aikata, garin ɗungurungum aka ɗauke. Da aka gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968, ruwa ya shanye tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, tare da ƙauyuka masu yawa. Mutane fiye da 40,000 aka sake wa matsuguni, aka gina Sabuwar Busa. Kome za a ce game da irin gidajen da aka yi musu, abu ɗaya ya tabbata: an ƙidaya mutanen, an tsara inda za su koma, an gina kafin ruwa ya iso. Wannan darasi ne da aka koya tun shekara hamsin da 'yan kai, aka kuma manta.

KURA DA SHAN BUGU

Babu garin da ya nuna illar wannan mantuwa kamar Suleja. Asalin sunansa Abuja, Sarki Abu Ja ne ya kafa shi a 1828, bayan da sarakunan Haɓe na Zazzau suka baro Zariya a zamanin jihadi. Gari ne mai natsuwa, wanda duniya ta sani saboda tukwanen Ladi Kwali. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta yanke shawarar gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa, ta yanki ƙasa mai yawa daga wannan masarauta, ta karɓi sunan ma, garin ya koma Suleja don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau. A Suleja ma'aikatan farko na hukumar gina Abuja suka yada zango. Ranar 12 ga Disamba, 1991, Janar Ibrahim Babangida ya tare a sabon birni, ma'aikatu suka biyo shi daga Ikko.

To, an tsara Abuja da tituna masu faɗi da unguwanni masu lamba, amma ba a tsara ta don masinja da direba da lebura da ƙaramin akawu ba. Kuɗin haya a can ya fi ƙarfin albashinsu. Saboda haka suka nemi ɗaki a Suleja da Madalla da sauran garuruwan kan iyaka, su fita da asuba su komo bayan isha'i. Da aka yi rushe-rushen gine-gine a Abuja zamanin ministancin Malam Nasiru el-Rufa'i, tsakanin 2003 da 2007, wani ayarin ya ƙaru. Ƙidayar 2006 ta sami mutane fiye da 200,000 a Ƙaramar Hukumar Suleja, wadda faɗinta bai kai murabba'in kilomita 200 ba, alhali Ƙaramar Hukumar Borgu, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 11,000, ba ta kai wannan adadi ba.

Waɗannan mutane ƙarfinsu da basirarsu Abuja suke yi wa aiki, amma in dare ya yi Jihar Neja ce za ta ba su ruwa, ta kwashe musu shara, ta karɓi matansu a asibiti ranar haihuwa, ta sama wa 'ya'yansu benci a makaranta. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Doka ta ce harajin albashi na jihar da ma'aikaci yake zaune ne, ba ta inda ofishinsa yake ba. Amma jihar da ba ta da rajistar gidajen garin, balle sunayen mazaunansu, da wace hujja za ta je ta nemi haƙƙinta? Ko hanyar da ta haɗa Suleja da Minna, wadda aka ba da kwangilar mai da ita tagwaye a 2010, ta shafe fiye da shekara goma ba a kammala ta ba.

Akwai kuma wata ƙaura ta baya-bayan nan wadda ta fi duka ciwo, watau gudun hijira saboda 'yan bindiga. A watan Fabrairu na 2021 aka sace ɗalibai a makarantar kimiyya ta Kagara, a watan Mayu na shekarar aka kwashe yara fiye da ɗari a wata Islamiyya a Tegina. Manoma daga ƙauyukan Shiroro da Munya da Rafi da Mariga suka bar gonakinsu da rumbunansu, suka tsugunna a Kuta da Gwada da Sarkin Pawa da Minna, wasu a makarantun firamare, wasu a gidajen dangi. Wanda ya zo Suleja neman aiki da shirinsa ya zo. Wanda 'yan bindiga suka koro kuwa daga shi sai rigar wuyansa. A nan ma gazawar hukuma ce wajen tsaro ta kwashe ƙauyuka ta zuba a birane, ta rage masu noma ta ƙara masu sayen abinci.

INDA LISSAFI YA TSAYA

Ya kamata mai karatu, musamman ɗalibi, ya lura da wani abu. A ƙasashen da haihuwa ta yi ƙaranci, in gari ya mutu sai a ga adadin mutanensa ya ragu a fili. A ƙasar da haihuwa ke da yawa irin Nijeriya, da wuya lissafi ya nuna haka. Ƙidayar 1991 ta ba Jihar Neja mutane kimanin miliyan 2.4, ta 2006 kuma ta ba ta kusan miliyan 4. Wannan ƙari na kashi uku da 'yan kai cikin ɗari kowace shekara yana nufin jama'a za ta riɓanya cikin shekara ashirin da ɗaya ko da biyu. Don haka garin da yake ƙafewa ma yana iya ƙaruwa a takarda. Alamar mutuwarsa sai a wajen waɗanda suka rage a cikinsa: tsofaffi da mata da ƙananan yara sun yi yawa, samari masu ƙarfi da masu ilmi sun tafi, kasuwa ta ragu, malami da ma'aikacin jinya suna neman a canza musu wurin aiki. Jimillar jiha ba ta nuna wannan, sai an bi gari-gari, shekaru-shekaru.

Nan kuwa ake yin ta, gama tun 2006 ba a sake ƙidayar jama'a a Nijeriya ba. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta ana saura kwanaki a fara. Abin da ake yi shi ne a ɗauki adadin 2006 a ƙara wa kowane wuri kashi iri ɗaya, kamar dai Suleja da Baro tafiya ɗaya suke yi. Da wannan ƙiyasi ake raba kuɗi, domin a tsarin rabon arzikin ƙasa tsakanin jihohi da tsakanin ƙananan hukumomi yawan jama'a yana ɗaukar kashi 30 cikin ɗari. Da shi ake lissafin allurar rigakafi da azuzuwa da gadajen asibiti. Wanda ya ɗinka wa yaro riga da awon da aka yi masa shekara ashirin da suka wuce, kada ya yi mamaki in ta yage.

Sakamakon yana fitowa ta hanya mai ban tausayi. Mokwa gari ne da ya bunƙasa saboda hanyar manyan motoci da fatauci tsakanin kudu da arewa. A ƙarshen watan Mayu na 2025 ruwa kamar da bakin ƙwarya ya sauka da dare, ambaliya ta share unguwanni, aka tabbatar da rasuwar mutane fiye da 150, wasu da yawa kuma suka ɓace. Ruwan sama ikon Allah ne. Amma sanin inda ruwa ke bi, da gina magudanai daidai da girman gari, da hana gini a bakin kwari, da sanin mutum nawa ke kwana a kowace unguwa, duk aikin hukuma ne.

MASU CEWA A BAR KOWA YA BI ABINCINSA

Akwai masana da ke cewa ba laifi ba ne gari ya tashi wani ya faɗi, haka duniya ta gada. Mutum inda abincinsa yake nan yake zuwa, kuma kashe kuɗin jama'a wajen farfaɗo da garin da dalilin kafuwarsa ya wuce asara ce. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Babu mai hankalin da zai ce a hana talaka shiga birni, ko a mai da hedkwatar Arewa Zungeru don a faranta wa tarihi rai. Cunkoson jama'a ma yana da amfaninsa: famfo ɗaya a Suleja zai shayar da mutanen da a Borgu sai an haƙa rijiyoyi da yawa kafin a kai gare su.

Amma wannan hujja tana da iyaka. Na farko, in an yarda jama'a su bi abincinsu, to sai kuɗin hukuma ya bi jama'ar, abin da ba ya faruwa muddin ana aiki da tsohon lissafi. Na biyu, manomin da ya gudo daga Shiroro ba abinci ya biyo ba, abinci ya baro. Na uku, dalilin kafuwar waɗannan garuruwa bai wuce ba. Jihar Neja ta fi kowace jiha faɗin ƙasa a Nijeriya, fiye da murabba'in kilomita 76,000, ga kogin Kwara ga na Kaduna, ga fadamun shinkafa na ƙasar Nufe inda cibiyar binciken hatsi ta ƙasa take a Badeggi. Madatsun lantarki huɗu, watau Kainji da Jebba da Shiroro da sabuwar ta Zungeru mai ƙarfin megawat 700, duk sun shafi ƙasar wannan jiha. Baro ma an sake gina mata tashar jiragen ruwa, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ta a watan Janairu na 2019, amma aka yi shekaru bayan bikin kaya ba su motsa ba, don ba a gyara hanyar mota da layin dogo da za su kai gare ta ba. An gina ɗaki an manta ƙofa. Irin wannan ba za a kira shi hukuncin kasuwa ba, sakaci ne.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Da farko, bai kamata gwamnatin jiha ta naɗe hannu tana jiran ƙidayar tarayya ba. Tana da hanyoyin sanin inda jama'arta take: rajistar yara a makarantun firamare, littattafan haihuwa da rigakafi na asibitoci, sa wa gidaje lamba unguwa-unguwa, hotunan tauraron ɗan'adam da ke nuna yadda gini ke yaɗuwa shekara-shekara, da kuma masu unguwanni da dagatai waɗanda tun zamanin En'e su ne suka san wanda ya shigo da wanda ya fita. A haɗa waɗannan a ofis ɗaya, a riƙa buga sakamakon kowace shekara kowa ya gani. Gaskiya ne cewa da zarar an jingina kuɗi da adadi sai kowa ya fara ƙari; abin da ya jawo aka soke ƙidayar 1962 da ta 1973 ke nan. Maganin haka shi ne a gwada wannan littafi da wancan. Wanda ya ce unguwarsa ta riɓanya, sai ya nuna rufin gidajen a hoto, da yaran a aji.

Na biyu, Suleja da Madalla da maƙwabtansu suna bukatar yarjejeniya ta musamman tsakanin Jihar Neja da Gwamnatin Tarayya, a kan ruwa da sufuri da shara da harajin ma'aikata. Birnin da ba ya iya kwanar da masu yi masa aiki, wajibi ne ya taimaki garin da ke kwanar da su.

Na uku, a shata filaye kafin jama'a su iso. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna amana. Amanar kuwa ita ce a fitar da titi da magudana da filin makaranta da maƙabarta tun wurin yana gona, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Rushe gida bayan mai shi ya zuba guminsa a ciki ya fi tsada, ya kuma fi jawo ƙiyayya.

Na huɗu, a ba matsakaitan garuruwa abin riƙe 'ya'yansu. Bida da Kontagora da Lapai da Sabuwar Busa da Mokwa da Zungeru kowanne yana da makaranta ko kasuwa ko madatsa da za a gina a kai. Abin da suka rasa shi ne wuta tsayayya da hanya mai kyau, yadda za a casa shinkafa a matse man kaɗanya a inda aka same su. Abin kunya ne garin da ke ganin turakun lantarki suna wucewa ta kansa zuwa wasu jihohi ya kwana cikin duhu. Gaba da duka kuwa sai tsaro, don ba mai komawa gonar da zai biya ɗan bindiga kafin ya girbe.

A ƙarshe, akwai nauyi a kan ma'aikata da ɗalibai su kansu. Ma'aikacin da aka tura Agwara ko Mariga ya kwana uku ya komo Minna yana kamun ƙafa a soke canjin, shi ma ya sa hannu wajen ƙafar da garin, domin iyayen da suka ga makaranta ba malami, asibiti ba mai duba su, su ma kayansu za su ɗaure. Ita kuma hukuma sai ta saka wa wanda ya zauna da alawus da gida da ƙarin girma a kan lokaci. Ɗaliban jami'o'i da kwalejojin jihar kuwa, maimakon kwafe tsofaffin takardun bincike, su shiga unguwa ɗaya su ƙirga gidajenta da rijiyoyinta da yaranta, su ajiye wa na baya. Wanda zai zauna a kujerar tsare-tsare gobe, a cikinsu yake.

Jama'ar Zungeru a 1917 ba wanda ya shawarce su, na Busa a 1968 ba su da zaɓi, na Suleja a 1976 sun ba da ƙasarsu da sunan garinsu don ƙasa ta sami hedkwata. Mafi ƙarancin abin da suke bin hukuma bashi shi ne ta san yawansu, ta san inda suke, ta kuma raba abin da ke hannunta bisa wannan sani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba shugabanni ikon gyarawa, amin.